Ƙunshin da Na Ɓoye a Randa

A gidanmu na Sabon Gari, cikin Maradi, ba a sauraron tatsuniya da hannu sake. Dokar Kaka ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya karya ta ya ji ƙarshen labari ba. Baba yana da garka a Jiratawa inda yake noman zogale. Kullum da la'asar sakaliya sai mu jiyo ƙarar tsohon motonsa mai ƙafa biyu tun daga bakin lungu, ya shigo da buhu biyu ɗaure a bayan sirdi, ganye na leƙowa ta bakinsu. Da an sallame magariba an ci tuwo, sai a shimfiɗa babbar tabarma kusa da murhu, a zazzage buhunan a tsakiya. Inna ce ke rabawa, ta tura wa kowa tulinsa, mu hau tsiga. Ita ke dafawa a wata ƙatuwar tukunya, da safe ta matse, ta haɗa da ƙuli da albasa da yaji, mata su zo saye har ƙofar gida. Da ganyen nan aka saya mana kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, da shi aka yi mana ɗinkin salla.

Kaka mahaifiyar Baba ce, Bagobira 'yar Tsibiri, gajera mai faɗa da dariya a lokaci guda. A lokacin da nake ba da labarinsa yanar ido ta rufe mata gani, gwiwoyinta kuma sun ƙi, daga ɗakinta zuwa tabarma ma sai an riƙe ta. Amma kunnenta, Allah ya kiyaye. Tana jin ƙarar ganye yana barin tsinke a hannun kowa, ta san na wane ne. Tana tsakiyar labari, daidai inda kura ta buɗe baki, sai ta yi shiru.

"Wani hannu ya mutu," in ji ta. "In bai tashi ba, nawa baki ma ya mutu."

Sai mu juya mu harari ƙanena Isufu, don galibi shi ne, baki buɗe, reshe a hannu. Wani lokacin kuma Baba ne, gajiyar garka ta sa ya fara gyangyaɗi. Kaka ba ta raga masa don yana da gemu. Ta kan laluba ta ɗauki tsinke ta jefe shi, kuma ba ta cika kuskure ba.

Tana da yadda take buɗewa. "Ga wata baƙuwa tahe, ku ba ta wuri." Mu amsa baki ɗaya, "Ta zauna, tabarma da faɗi." In ta gama kuma sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Na kakkaɓe, abin da ya zuba naku na." Baba yana da nasa aiki a ciki. Shi ne tsawa, shi ne jaki, shi ne tsohon zakara mai mura. In labari ya zo wurin hadari sai ya kifa kwanon sha ya dinga dukansa da tafin hannu, autarmu Nana ta ruga ta faɗa cinyar Inna tana ihu tana dariya. Mutumin da ya yini da ƙafa cikin laka, ya dawo ko magana ba ya iya ja, sai ka gan shi yana kukan jaki har hularsa ta faɗi. Yanzu da na girma na gane shi ma wannan sa'ar yake jira tun safe. Ba mu da tele, kuran ma, wato lantarki, yau akwai gobe babu, amma ban tuna ranar da na yi sha'awar gidan wasu ba in dai an shimfiɗa tabarmar nan.

Abu ɗaya ne ya hana ni jin daɗin ta cika, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ni ce 'yar fari. Sunana Barira, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Da aka yaye ni, Tsibiri aka kai ni wurin Kaka, can na tashi har na kai shekara bakwai. Da kakanmu ya rasu, Baba ya ɗauko mu mu biyu ya kawo Maradi, ita don a kula da ita, ni don in shiga lakwal, makarantar boko. Na zo da ɗoki, ina cewa zan ga uwata. Na tarar da mace doguwa mai shiru, wadda in za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "A ɗauko itace." In maƙwabciya ta tambaye ta ina nake, ta ce, "Waccan? Tana ciki." Isufu kuwa ta kira sunansa sau ashirin a yini. Nana tana goye ko tana cinya.

An sha gaya min kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari, kowace uwa mai tarbiyya haka take. Na ji da kunne, amma yarinya 'yar shekara tara ba ta cin wannan bayani ta ƙoshi. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, ga riƙo. Komai na Inna sai na juya shi ya zama laifi. In tana rabon zogale, kullum tulin da take turo min shi ne na sabon toho, mai laushi, wanda ba ya cin yatsa. Na ce ta raina ni ne, tana ganin ba zan iya mai tauri ba. Sau da yawa bayan azahar ta kan kai wa Kaka fura ɗaki, ta daɗe ciki suna ƙus-ƙus. Wata rana na laɓe na ji Kaka na cewa, "Sake hwaɗi, a hankali, kaina ya tsuhwa." Na ce shi ke nan, laifuffukana ake jerawa, har da maimaici.

Ranar da abin ya kai min wuya, wata Talata ce. An ba mu sakamakon jarrabawa, na zo ta biyu a aji. Na taho da gudu tun daga lakwal, takarda a hannu, har takalmina ɗaya ya tsinke. Na tarar da Inna tana tuƙa tuwo. Na tsaya gabanta na miƙa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "A aje can, a zo a tankaɗe gari." A daidai lokacin Isufu ya shigo yana nuna mata haƙorinsa da ya fita, ta saki muciya ta kama haɓarsa tana dariya tana ce masa mai giɓi. Haƙori fa, wanda ko akuya tana zubarwa. Na dunƙule takardar nan na jefar gefen murhu.

Kafin la'asar na yanke shawara. Na ɗauki zanena mai ruwan ganye, wanda ya yage a gefe, na ɗaure matajina da allon lakwal da ɗan guntun sabulu a ciki. A bayan garken awaki akwai wata tsohuwar randa da ta tsage, an jingine ta an manta. Na cusa ƙunshin ciki na rufe da faifai. Sannan na je na gaya wa Kaka cewa Tsibiri zan koma, gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, kuma ba zuwa hutu ba, zama. Na ce a can ko ba komai ana kiran sunana.

Kaka ta ce, "To. Bari ubanki shi taho."

Na zaci Baba zai yi faɗa. Bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce Gwaggo za ta zo cin kasuwa ran Juma'a, in har lokacin ina kan bakana, in bi ta, lakwal akwai a Tsibiri. Inna tana nan tana jin komai, tana gyara itace a murhu. Ko tari ba ta yi ba.

Da magaribar ranar aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Na zauna can gefe, na haɗe rai, ina tsiga kamar ina cire wa wani gashi. Kaka ta buɗe, aka amsa ban da ni. Sai ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Wai an yi wata yarinya a bakin gulbi, wadda uwarta Raɓa ce. Ita Raɓa an ɗora mata doka tun ran da ta haihu: ba ta zuwa wurin 'yarta sai idon 'yar yana rufe, in ido ya buɗe sai ta ɓace. Yarinya ta tashi ba ta taɓa ganin uwarta ba. Tana da ɗan duma da ta shuka a bayan bukka, kullum da safe ta tarar ganyensa a jiƙe, amma ba ta taɓa tambayar kanta wa ya shayar da shi ba. Ita dai tana ganin 'ya'yan wasu a cinya, tana cewa ita ba ta da uwa. Ran nan ta ce za ta shiga duniya ta nemo wadda za ta zama uwarta.

"Sai tad ɗauki zanenta mai ruwan ganye," in ji Kaka, "tad ɗamre mataji, da allo, da guntun sabuni. Tat tahi bayan garke, tas sa cikin tsagaggar randa, tar ruhe da faifai."

Hannuna ya tsaya cak. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta iya taka ƙofar ɗaki sai da taimako, yaya aka yi ta san abin da ke bayan garke?

"Wani hannu ya mutu," in ji Kaka, ba ta ko juyo ba.

Na ci gaba da tsiga. A raina na ce lalle matar nan tana da mutanen ɓoye.

A daren farko yarinya ta je wurin Ruwan Sama ta ce ya zama uwarta. Ya ce ya yarda, kuma kowa zai sani. Ya taho da iska da walƙiya, Baba ya kifa kwano ya yi ta duka har Nana ta ɓuya. Gari duk ya shaida an zo wurin yarinya. Amma ya kwantar mata da gero, ya rushe mata bukka, ya tafi bai waiwayo ba sai bayan wata tara. Nan Kaka ta kakkaɓe zane ta ce sauran sai gobe.

Ran Laraba yarinya ta je wurin Gulbi. Gulbi ya rungume ta, ya yi mata waƙa, ya kira sunanta da babbar murya har ƙetare ana ji. Tana cikin jin daɗi ya janye mata ƙwarya da takalmi, da ƙyar ta kama saiwar wani icce ta fita. Akwai waƙar da yarinyar ke yi in ta tuna dumanta, kuma a wurin ne wani abu ya faru da ban ba shi muhimmanci ba sai bayan shekaru. Kaka ta ɗauko waƙar, ta yi layi ɗaya, ta kakare. Ta sake ɗaukowa, murya ta tafi wani wuri daban. Sai daga bakin murhu, inda Inna ta ba mu baya tana juya tukunya, muka ji ana jan amon a hankali, baki rufe. Kaka ta ce, "Yawwa," ta bi shi:

Wa ya shayar min da duma,
ban gan shi ba, ban ji shi ba?
Na kwanta ganye na ƙishi,
na tashi ganye ya sha.

Muka yi ta amshi, har Baba da muryarsa ta jaki. Ni ma na amsa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Ran Alhamis yarinya ta gaji ta dawo gida, tsakiyar rani, ko'ina ya bushe. Ta zagaya bayan bukka tana cewa dumanta ya daɗe da mutuwa. Ta tarar da shi kore shar, har ya yi 'ya'ya. Ta ce yau sai ta san mai wannan aiki. Da dare ta kwance zanenta ta shimfiɗa a kan duman, ta kwanta kusa, ta rufe ido.

"Da gari ya waye," in ji Kaka, sai ta yi hamma. "Kai, bayana ya gaji. Sauran sai gobe bayan magariba."

Muka yi ca. Isufu har da birgima. Ni kuwa na fi kowa shiga uku, don na san Gwaggo tana kama hanyar Tsibiri tun la'asar. Na ce, "Kaka, ai gobe ba na nan." Ta ce, "Wanda ad da kunne nan shi ka ji. Tatsuniya ba ta hawa mota."

Da safiyar Juma'a na zagaya bayan garke in ɗauko ƙunshina. Ɗaurin ba nawa ba ne, wannan ya fi tsafta. Na kwance. An ɗinke yagewar zanen da ƙananan ɗinki a jere, sai ka duba da kyau za ka gani. An ƙulla ƙuli guda biyar a leda. A ƙarƙashin allo kuma ga takardar jarrabawata, wadda na dunƙule na jefar, an miƙe ta an ninke ta huɗu. Gefe ɗaya na zanen yana da danshi. Na ce randa ce ta jiƙa shi. Sauran kuwa na ɗora wa Kaka da mutanenta na ɓoye. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina yadda makauniya ke zura zare a allura ba. Mai fushi ba ya son lissafin da zai ɓata masa fushinsa, ni kuma na riƙe nawa da hannu biyu.

Gwaggo Hajo ta zo da azahar da kayan kasuwarta, ta ce, "Ina mai bi na?" Na tsaya ina murza gefen zane. Na ce sai wata Juma'ar, akwai abin da ban gama ji ba. Ta kalli Baba, Baba ya kalli sama. Inna tana wanke tukunya, ta ci gaba da wankewa, sai dai na lura ta daɗe a wuri ɗaya tana gogawa.

Da magariba Kaka ta ƙarasa. Ta ce da gari ya waye yarinya ta taɓa zane ta ji shi sharkaf, ta gane ashe tana da uwa, kullum tana zuwa. "Sai tay yi hankali, taz zamna gidansu, tab bar taurin kai. Na kakkaɓe." Shi ke nan. Kwana huɗu muna jira, aka gama mana da layi biyu. Isufu ya ce an cuce mu. Daga bakin murhu kuma muka ji an buga ludayi a bakin tukunya da ƙarfi, sau ɗaya. Kaka ta ce, "A yi a hankali da tukunyar mutane."

Ban koma Tsibiri ba. Wata Juma'ar ta zo ta wuce, wata tatsuniyar ta riƙe ni, haka har na daina ƙirga. Ba zan ce na huce da Inna ba. Na dai ajiye abin a gefe, na girma da shi. Ina aji na ƙarshe a kwaleji Kaka ta rasu, kuma daga ranar tatsuniya ta ƙare a gidanmu. Ana shimfiɗa tabarma, ana tsiga, amma sai rediyo. Na yi aure, na zama malamar lakwal, na haifi Ramatu da ƙannenta biyu. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi wa 'yata kunyar fari ba, kuma na cika. Ina kiran sunanta har maƙwabta na ce min marar ta ido.

Bara, lokacin hutu, na kai yara garkar Baba a Jiratawa. Ya tsufa, yanzu Isufu ke aikin, shi sai zama a inuwa da ba da umarnin da ba a bi. Muna zaune, ruwa na gudu a kwalbati, na ce masa ina so in rubuta tatsuniyoyin Kaka kafin su ɓace min, don ban taɓa ganin mai hikimarta ba. Baba ya yi dariya har da tari.

"Wace Kaka? Uwata?" in ji shi. "Allah shi jiƙanta, tatsuniya biyu ta sani duniya. Mu bakwai ta raina da su. Guda kura ta cinye kowa, gudar kuma ba ta taɓa tuna ƙarshenta ba."

Na ce, "Baba, ta Raɓa fa? Da ta tsohon zakara mai mura? Da duk sauran?"

Ya daina dariya. Ya tsinki ganyen zogale yana murzawa a yatsa. "Ke da kinka yi karatu," ya ce, "ba ki taɓa tambaya ba, mi ya sa tsohuwa ba ta da sabon labari sai ran da anka kai mata hura?"

Furar azahar ta dawo min, da ƙus-ƙus, da "sake hwaɗi a hankali". Amon waƙar da ya fito daga bakin murhu ya dawo, waƙar da a ranar ce aka fara yin ta a duniya. Shekara takwas mace tana tsara labari tana tuƙa tuwo, ta kai wa surukarta ta haddace, don ta gaya wa 'yarta abin da al'ada ta hana ta faɗa da bakinta. Ni kuma ina zaune ina ba ta baya, ina yaba wa Kaka. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayin kaina da nata gaba ɗaya. Na yi kuka a gaban 'ya'yana, Baba ya yi kamar yana duba ruwa.

Ba a zuwa wurin mace kamar Inna a ce mata "na gane". Za ta tashi ta shiga ɗaki ne kawai. Sai na yi dabara irin tata. Ran Juma'a na sa Isufu ya kawo buhu guda gidan Sabon Gari, na kwashi yara muka je. Na karɓe salular kowa na zuba a kwano na rufe. Bayan magariba na shimfiɗa tabarma kusa da murhu. Inna, da furfurarta da carbinta, ta kalli buhun ta kalli bango ta ce, "Yau kuma mi anka tuna?" Amma ta zauna, ta raba tuli.

Na buɗe yadda Kaka ke buɗewa, na koya wa yara amshi, na kama tatsuniyar Raɓa. Da gangan na kai yarinya wurin Gulbi kafin Ruwan Sama. Inna ta motsa. Na ce zanen ja ne. Ta yi gyaran murya. Da na zo waƙa na ja ta wani amo daban, sai ta kasa haƙuri. Ta juya wurin Ramatu, don jika ba a jin kunyarsa, ta ce, "Ke Ramatu, hwaɗa ma mamanki ba haka anka yi ba. Ta ɓata labarin mutane."

Ramatu ta ce, "To Inna, ke ki faɗa mana."

Inna ta gyara zama. Sannan ta ɗauka daga farko, tana kallon Ramatu ita kaɗai. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta laluben kalma ko ɗaya, kamar mai tafiya cikin ɗakinta. Baba, da ke kishingiɗe, ya jawo kwanon sha ya kifa, ya yi tsawar kamar da, yara suka faɗi da dariya. Da ta kai inda yarinya ta taɓa zane ta ji shi a jiƙe, na ɗauka an gama. Sai ta ci gaba.

"Sai yarinya ta matse zanen a tahin hannunta, ta kai baki. Ta ji gishiri. Ta ce, raɓa ai ba ta da gishiri. Nan ta gane ba shayar da duma kaɗai uwar ta yi ba. Kwana ta yi tana kuka a kan zanen, tana tsoron in gari ya waye ɗiyar ta sake tahiya, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce mata zamna."

Ramatu ta ce, "Mama ba ta faɗi wannan ba."

"Ba ta san shi ba," in ji Inna. "Kakarta ta yanke shi. Ta ce a bar ma Raɓa kunyarta."

Wuta na ci, tukunya na tafasa. Ni ina can bayan garke, shekara talatin baya, da zane mai danshi a hannu. Na buɗe baki na ce, "Inna, randar nan fa tsagagga ce. Ta shekara ba ta ga ruwa ba."

Ba ta kalle ni ba. Ta tsige reshen da ke hannunta har ƙarshe, ta ajiye tsinken, ta ce, "Ramatu, hwaɗa ma mamanki hannunta ya mutu."

Na sunkuya na ci gaba da tsiga, ba na ko ganin ganyen.

Tun daga ranar ba mu fasa zuwa ba, kowace Juma'a. Na kan yi tunanin abin a hanya. Ban koma ina yabon kunyar fari ba, don na san abin da ta ci min, na kuma san abin da ta ci wa Inna. Amma na daina yi wa kaina kirari don ina kiran sunan 'yata. Na kira shi sau dubu, galibi daga wani ɗaki, ido a kan salula, ina aike ko ina faɗa. Ban taɓa zama na lura da ita har in san inda take ɓoye ƙunshinta ba, in tana da shi. Iyayena ba su da abin kai mu ko'ina. Abin da suke da shi buhun ganye ne da wuta da sa'a ɗaya bayan magariba, sai suka zauna da mu a ciki, kowa da aikinsa, har wadda aka hana magana ta samu hanyar yin tata.

Har yau Inna ba ta kira sunana ba, na kuma daina jira. In an zazzage buhu ta kan laluba da hannunta, ta ware, ta ba yara nasu, ta ba Baba nasa. Sannan ta kalli bango, ta turo min nawa da gefen ƙafa, sabon toho, mai laushi, wanda ba ya cin yatsa.